Iskar da Ta Kwantar da Yaya Habu

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a bakin shagon ɗana a Fagge, inda nake wuni tun da gwiwoyina suka hana ni tsugunno, sai ga 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, sun turo wani mataccen babur a kan kura. Tun daga nesa na shaida shi. Irin manyan nan ne masu salansa huɗu, waɗanda suka shigo garin nan muna samari, yanzu kuwa sai ka shekara ba ka ga ko ɗaya a titi ba. Tanki ya lotse, kujera ta zama gidan ɓera, tsatsa ta cinye duk inda yake ƙyalli a da. Suka sauke shi a gefenmu, ɗaya ya ɗauko guduma. Na ce su dakata. Na dogara sandata na isa wurin, na goge dattin da ke kan shok ɗin gaba, wato dogayen ƙarafan nan biyu da suke riƙe da taya, sai ga su nan kuwa: 'yan bawul biyu na tagulla, ɗaya a kan kowace ƙafa, kamar bakin tayar keke. Na sa tsinken ashana na danna allurar da ke ciki. Wata 'yar iska ta ce fis, ta ɗauke. Na san zafin rana ne kawai ya tara ta, ba wadda wani ya hura ba ce, amma duk da haka sai da na sake dannawa. Wani matashin makanike da ke aiki da ɗana ya leƙo ya ce, "Baba, me ya kawo bakin taya kan shok?" Ban ga laifinsa ba, bai taɓa gani ba. Na buɗe baki zan yi masa bayani ke nan, mai guduma ya gaji da jira ya sauke ta. Na koma benci na zauna, tun daga lokacin kuma yayana Habu bai bar raina ba.

A zamanin da nake faɗa, layin nan babu shaguna masu ƙofar ƙarfe, rumfuna ne na kwano da buhu a ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Kukan jirgin ƙasa daga tasha shi ne agogonmu. In ya yi na safe, sai ka ji masu walda sun tayar da injinsu, ka ji sifana tana faɗawa cikin kwanon kananzir, ka ji matan Yarabawa masu alale suna kiranmu da sunayen da su suka raɗa mana. Ranar Lahadi ƙararrawar coci takan ƙetaro titi daga Sabon Gari ta same mu a ƙarƙashin babur, ba mai ɗaga kai, don ta zama ɗaya daga cikin sautukan unguwa. Warin baƙin mai kuwa har a lomar tuwo muke jin sa, komai wankin hannu da toka da sabulu.

Wanda ya koya mini aiki wani Bayarabe ne, Baba Raimi, haifaffen Fagge, Hausarsa ta fi tawa tsabta. A wurinsa na san shok mai iska. Babur na yanzu shok ɗinsa sifirin ne da mai, shi ke nan, in ya mutu a cire a jefar a ɗaura sabo. Na wancan lokacin kuwa, bayan sifirin da mai akwai iska a sama, ita take tallafa wa sifirin in nauyi ya yi yawa, ta hana gaban babur nutsewa in an matse birki. Wurin da take zama ɗan ƙarami ne, bai fi cikin kofin shayi ba, shi ya sa ba ta son yawa. Baba Raimi yakan ce, "Taya cin ƙato take yi wa iska, shi kuwa shok kurɓar jariri yake yi." Sai an kafe babur a kan babban jak, tayar gaba ta bar ƙasa. Sai da safe, kafin rana ta gasa ƙarfe, don iska tana kumbura da zafi. Akwai wani ɗan famfon hannu mai kama da sirinji, da shi za ka matsa kaɗan, ka sa gejin awon iska ka duba, ka kuma tuna cewa shi kansa gejin yana satar 'yar iska duk sanda ka zare shi. Dole ƙafafun biyu su zo daidai, in ba haka ba babur ya riƙa yi maka gardama a kwana. In ka gama sai ka tofa yawu a bakin bawul, in ya yi kumfa to allura ta gaji, a sauya ta. Duk wannan yana iya yi maka uzuri in ka kuskure. Abu guda ne ba ya sassautawa a kai: tiyon mai faci. Injin mai faci na taya ne, kafin ka ƙifta ido ya tura abin da zai fasa sil, wato zoben robar da yake toshe bakin shok ya hana mai da iska fita. A shok ɗin gaba kuwa, man da ya kufce gangarowa yake yi kai tsaye kan faifan birki.

Lokacin da abin ya faru an riga an yaye ni, ina da rumfata ta kaina. Yaya Habu shi ne ɗan farin mahaifiyarmu, ni ne auta, mahaifinmu kuwa ya daɗe da rasuwa. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, in ya yi dariya a bakin titi Inna tana jin sa daga madafa. Da dako ya fara a tashar jirgi, ya tara abin da ya tara, ya sayi irin wannan babur a gwanjo, ya sa aka ƙera masa kariyar ɗora kaya mai faɗi a baya. Da shi yake kwaso kayan 'yan kasuwa daga tasha zuwa kasuwar Sabon Gari, ya ratsa lungunan da mota ba ta shiga. Ya ɗaure kaya a baya, ya ɗaure wani a kan tanki, kansa kawai za ka hango yana leƙe. Kowace safiya yakan biyo ta rumfata in duba masa iska. Yana tsaye yana cin ƙosai yana tsokanata, wai ina lallaɓa ƙarfe kamar mai jego. Ni kuma ina yi masa faɗan kaya, yana cewa, "Auta, doki ne, don aiki aka yi shi."

Kayan gyara kuwa a wurin Sande muke saya. Ibo ne, Kirista, a Sabon Gari aka haife shi, shagonsa ɗan tsukuku ne cike da kwalaye har rufi. Allurar bawul a gwangwanin madara yake tara su, in ka je sai ya zazzage a tafin hannunsa ya zaɓar maka kamar mai tsintar shinkafa. Tare suka tashi da Yaya Habu, a fili ɗaya suka buga ƙwallo. Da Babbar Sallah Inna tana aika wa matarsa nama, da Kirsimeti su aiko da shinkafa da kazar da suka kawo Yaya ya yanka. Ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba a lokacin.

Ana saura kwanaki kaɗan Sallah, a tsakiyar bazara, sil ɗin ƙafar hagu ya fara gumi. Na ga danshin mai ya zagaye ƙarfen, na ce da Yaya sai an sauya duka biyun. Muka ƙetara wurin Sande. Ya duba kwalayensa, ya dawo da wasu a leda, bai miƙo ba.

"Na asali sun ƙare, Habu," in ji shi. "Waɗannan sababbin shigowa ne, robarsu tana da tauri, ban yarda da su ba. Na aika a kawo masu kyau daga Ikko, ka ba ni mako guda."

"Mako guda a kakar goro? Sai dai in ci ƙarfen. Ba ni."

"To zan ba ka, amma a gaban ƙaninka nake faɗa. Iska kaɗan, kaya kaɗan. In na asalin sun iso ka dawo da waɗannan in zubar."

Na ɗaura su da kaina, na auna mai, na ba shi iska ƙasa da yadda na saba. Na ce da Yaya gaban zai yi laushi, zai ji yana nutsewa in ya matse birki, ya haƙura ya rage kaya, ya yi sawu biyu a inda yake yin ɗaya. Ya ce ya ji. Kwana biyu yana zuwa yana mita, wai babur ya zama raƙumi mai durƙuso, in ƙara masa ko kaɗan. Na ce a'a. A rana ta uku bai biyo ta rumfata ba.

Bayan azahar wani mai shayi daga bakin tasha ya zo da gudu. Abin da waɗanda suka gani suka faɗa shi ne, Yaya ya taso da huhunan goro gaba da baya, ya faɗa wani rami kusa da inda titi ya ƙetare layin dogo, aka ji wani abu ya ce tas kamar an fasa leda. A gabansa wata gingimari ta tsaya. Aka ga yana matse birki, babur bai ko rage gudu ba. Ya kauce wa motar, ya auka kwalbati, kayan da babur ɗin suka bi shi suka danne. Da na isa an riga an ɗauke shi zuwa asibiti. Goro ya watse a titi, wasu mata suna tsincewa suna tarawa a gefe, ba wadda ta sa ko ɗaya a baki. Na durƙusa gaban babur ɗin. Sil ɗin hagu ya fito waje kamar harshe, faifan birki ya jiƙe sharkaf da mai. Na danna allurar ƙafar dama, wadda ba ta fashe ba, iska ta feso da ƙarfin da ya ture mini yatsa. Na sa geji, allurarsa ta tafi ta bugi ƙarshe. Wannan ba aikin famfon hannu ba ne. Ko sil na asali ne da wuya ya riƙe.

Likita ya ce ƙashin baya ya karye, laka ta tsinke, daga ƙugu zuwa ƙasa ba zai ƙara motsi ba. Kafin magariba wata magana ta riga ta zagaye tasha da Fagge: wai Ibo ya sayar wa Habu jabu yana sane. Na yi ta bayani a bakin asibiti, ga 'yan dako, ga masu babura, na ce Sande ya yi gargaɗi a gabana, na ce iskar injin faci ce. Wani ya ce ina kare abokin cinikina ne. Wani ya ce ina kare kaina ne, tunda ni na ɗaura. Sai Tanko, aminin Yaya, wanda ya girma yana cin tuwon Inna a akushi ɗaya da mu, ya kama ni a kafaɗa ya ce, "To in mai faci ne, wanne? Faɗi sunansa." Na dubi idonsa na ga ba gaskiya yake nema ba, inda zai sauke abin da ke cinsa yake nema. Masu faci kuma a tsakanin tasha da kasuwa sun fi a ƙirga, ni ban san ko wanne ba ne. Washegari da safe Yaya ya farfaɗo, muka shiga da Tanko, ya yi masa tambayar. Yaya ya mai da ido kan rufi ya ce, "Ban tuna ba." Ya ƙara da cewa a rabu da Sande, ba ruwansa. Tanko ya fito yana cewa ciwo ne yake magana, ba Habu ba.

Na koma gida in ɗauki kunun da za a kai asibiti, na tarar da Inna tana yafa mayafi. Labari ya iso mata cewa samari suna taruwa a bakin tasha, an ga jarkar fetur. Inna mace ce da in ba biki ko gaisuwar mutuwa ba, ba ta wuce ƙofar soro. Ta ce, "Auta, ajiye kwanon nan. Wuce gaba ka nuna mini shagon Sande." Na ce hanya ba lafiya. Sai ta sa takalmi. Muka ƙetara titi, muka shiga Sabon Gari, shaguna suna ta rufewa, kana jin ƙarar kwaɗo ta ko'ina. Sande yana ciki, ya ja ƙofa ya bar 'yar kafa, matarsa tana roƙonsa ya fito su tafi, shi kuwa ya ce in ya gudu ya amsa laifi ke nan. Da ya ga Inna sai ya durƙusa ya ce, "Mama, wallahi na gaya masa." Ta ce, "Na sani. Miƙo mini benci." Ta sa shi a bakin ƙofa sosai, ta zauna, ta fito da carbi.

Ba a jima ba suka iso. Ba su da yawa kamar yadda ake faɗa daga baya, amma sun isa su ƙone layi guda. Mafi yawansu na san su, wasu na gyara musu babur a makon. Tanko ne a gaba, jarka tana hannun wani a bayansa. Da suka ga wadda take zaune sai tafiyar ta rikice, na baya suna turo na gaba.

"Inna, me kike yi a nan?" in ji Tanko. "Tashi a mai da ke gida."

"Na zo wuni ne. Kai me ya kawo ka?"

"Mutumin nan ya kashe mana Habu yana raye. Ba zai ƙara takawa ba, Inna."

"An gaya mini tun jiya." Ta ja carbi ɗaya, ta ɗago kai. "Wanda yake kwance a asibiti, ni na ɗauki cikinsa, ni na haife shi. Habu ɗana ne. In akwai mai haƙƙin ƙona wani abu a garin nan saboda shi, ni ce, ni kuma ban aiki kowa ba."

Tunda nake ban taɓa jin Inna ta ambaci sunan Yaya ba. Ɗan fari ne, "yaron nan" take ce masa ko "wancan", ko a asibiti daga bakin ƙofa ta tsaya ta tambayi jiki kamar ɗan maƙwabta. Duk wanda yake wurin ya san haka, ya kuma san irin kunyar da ta danne kafin ta faɗa a tsakiyar titi. Wani daga baya ya yi gunaguni, wai tsohuwa ba ta san abin da ake ciki ba. Ta ce, "To ku zuba man. Amma ni ba zan tashi ba, ƙafafuna sun gaji." Tanko ya tsaya yana huci, hawaye yana bin fuskarsa. Can ya juya ya karɓe jarkar daga hannun mai riƙe da ita, ya bi ta tsakiyarsu ya wuce. Suka watse da ɗaiɗai. Inna ba ta bar bencin ba sai da aka kira la'asar, matar Sande ta kawo mata ruwa a buta ta yi alwala a nan bakin shago.

Nakan yi tunanin ranar in na ga yadda abubuwa suke tafiya yanzu. Wancan taron kowa a cikinsa yana da uwar da Inna ta sani, shi ya sa kunya ta yi aiki. Yau magana takan zagaye gari a waya kafin wanda abin ya shafa ya farfaɗo, waɗanda za su taru kuma ba su san mai shago ba, ba su san wanda aka ce an zalunta ba. Ban san ko tsohuwa a kan benci za ta tsayar da su ba. Titin da ke tsakaninmu da Sabon Gari bai ƙara faɗi sosai ba, amma jikokina ba su da aboki ko ɗaya a can wanda suka san ɗakin uwarsa.

Ko a wancan lokacin ma, shago ne ya tsira, zaman bai tsira ba. Mutanenmu suka daina sayen kaya a wurin Sande. Ba mai zaginsa, sai dai a wuce shi a shiga na gaba. Ni na ci gaba da zuwa, amma cinikin mutum ɗaya ba ya riƙe shago. Sil na asali da ya yi oda sun iso bayan Sallah, suka zauna a kwali ba mai tambaya. Bayan damina biyu ya kwashe iyalinsa ya koma garin iyayensa, garin da shi kansa baƙo ne a cikinsa. Ya zo sallama, ya zauna a gefen katifar Yaya a soro, suka yi ta hirar ƙwallon yarinta, ba wanda ya taɓo zancen babur. Da zai tashi Yaya ya ce, "Ka gaishe da mutanen kudu, ka ce musu Bakano muka ba su aro." Sande ya yi dariya, ya fita waje, na same shi ya jingina da bango ya rufe fuska da hula. Ban ƙara ganinsa ba.

Jinyar mai karyayyen baya aiki ne da ba ya ƙarewa. A juya shi kada gyambo ya kama, a wanke shi, a sauya shimfiɗa, a shanya katifa. Maganar aurensa da ake yi ta mutu ba tare da kowa ya furta ba. Abokai suka yi zuwan farko da yawa, sannan suka ragu, sannan sai da Sallah. Mutumin da yake ɗaga buhu da hannu ɗaya ya koma sai an ɗaga shi, ga nauyi, ni kaɗai ba na iyawa. A cikin wannan hali wani mutum ya fara zuwa. Siriri ne, mara magana, sunansa Ilu, daga Rijiyar Lemo yake. Ya yi sallama wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ce ya san Habu a tasha, ya zo dubiya. Ya tarar ina fama zan kai Yaya banɗaki, sai ya naɗe hannun riga ya kama ƙafafu. Juma'a ta gaba ya dawo. Daga nan ya zama ƙa'ida: mu yi masa wanka tare, Ilu ya yanke masa farce, ya wanke gyambon da ruwan gishiri ba ya ko yamutsa fuska, mu fito da shi ƙofar gida ya ga mutane. Inna ta zuba wa Ilu abinci, ya ci a soro, ya tafi. Ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya sai ya zo.

Tun zuwansa na farko na lura da hannuwansa. Akwai baƙin roba a tsagar yatsunsa, da tabon gam. Duk makanike ya san hannun mai faci. Na riƙe abin a cikina shekaru, wani lokaci in ji kamar in shaƙe shi, sai in ga yadda yake tallafe kan Yaya in rasa abin yi. Sai da ciwon ya ci ƙarfin Yaya, gyambon ƙugu ya zurfafa har ƙashi, zazzaɓi ya ƙi sauka, na tambaye shi wata safiya ina ba shi koko.

"Yaya, Ilu ne?"

Ya haɗiye da ƙyar. "Injinsa ne. Amma ba hannunsa ba ne. Ya ce mini ba a sa wa wannan, ƙaninka zai yi faɗa. Ya juya zai ɗauko wa wani taya, na ɗauki tiyon da kaina na danna. Hagu, dama. Na ji gaban ya miƙe ƙyam, na ji daɗi." Ya yi ɗan murmushi. "Na sha gaya masa ya daina wahalar da kansa. Cewa yake yi da ma ya kashe injin kafin ya juya."

"Inna ta sani?"

"Ita ya fara gaya wa, ranar da ya fara zuwa. Ta ce ya wanke hannu ya ci abinci."

Yaya ya rasu a farkon wata damina, ranar Talata, jikinsa ya koma kamar na yaro, ni kaɗai na ɗaga shi zuwa wurin wanka. Tanko ya zo jana'iza, ya yi furfura, ya kama makara bai yarda an karɓe shi ba har maƙabarta. Ilu yana can baya cikin jama'a, bai matso ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina zaune a soro, masu gaisuwa sun tafi cin abinci, sai na ji sallamar Ilu. Ya shigo yana naɗe hannun riga kamar kullum. Sai da ya kai tsakiyar soron ya ga an naɗe katifa an jingine ta da bango, an share wurin, babu komai sai shatin inda ta daɗe a ƙasa. Ya tsaya da hannu ɗaya a naɗe, ɗaya a sake. Ya dube ni, ya ce, "Ƙafa ce ta kawo ni." Ya juya zai fita. Daga bayan labule Inna ta turo kwano a rufe da faifai.

"Zauna, Ilu," in ji ta. "Na riga na zuba naka."

Ya zauna ya fuskanci bango, ya buɗe kwanon. Ya daɗe kafin ya kai lomar farko.